Tambayoyi da Amsoshi Kan Gane Murjanin da Ba Ya Dogaro da Haske a Tankin Gida

Masu kiwon halittun teku a tankin gilashi ba su da yawa a Gombe da Bauchi, amma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, musamman idan mutum ya ga hoton murjani mai ruwan lemo ko ja jawur a wayarsa har ya fara shawarar aikawa Legas a sayo masa. An tattara waɗanda suka fi maimaituwa a nan, daga na share fage zuwa masu zurfi, kuma kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta.

Shin murjani dabba ne, ko tsiro, ko dutse? Kuma shi ne wanda iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya?

Murjani dabba ne. Kowane curi taro ne na ƙananan halittu, kowace da baki ɗaya a tsakiya da yatsu kewaye da shi, kuma ita wannan halitta guda ita ake kira folif. Wasu nau'o'in suna gina ƙashi na alli a ƙarƙashinsu, shi ne abin da ido ke ɗauka dutse ne. Murjanin da Hausawa suka sani a tsakiya da abin wuya, idan na ainihi ne ba na roba ko na gilashi ba, ƙashin wani nau'i ne da ake kira Corallium rubrum, wanda ake cirowa daga Bahar Rum, kuma tun zamanin fataken Sahara yake shigowa ƙasar Hausa. Abin sha'awa shi ne, shi ma yana cikin rukunin da muke magana a kai, domin a kogunan dutse da wurare masu duhu yake zama, folif ɗinsa farare ne tas, kuma bai dogara da rana ba.

Me ake nufi da cewa murjani ba ya dogaro da haske?

Yawancin murjanin da ake gani a tankunan ado suna ɗauke da wata ƙananan gansakuka a cikin namansu, wadda masana ke kira zuzantele. Gansakukar ce ke sarrafa hasken rana ta samar da sukari, murjanin ya ci daga ciki, shi ya sa mai irin wannan tanki yake kashe kuɗi a kan fitila. Wanda muke magana a kansa ba shi da wannan baƙuwa ko kaɗan, saboda haka duk abin da zai rayu da shi sai ya cafko daga ruwa da yatsunsa. A teku ana samunsa a ƙarƙashin duwatsu, a bakin kogo, a jikin jiragen da suka nutse, da kuma can ƙasa inda rana ba ta kaiwa. Kusan rabin nau'o'in murjani masu ƙashin alli da aka sani haka suke, sai dai kaɗan ne daga cikinsu ke shigowa kasuwa.

Kada a ɗauka haske yana kashe shi. Bai dai amfana da shi ne, kuma haske mai ƙarfi yana sa gansakukar tanki ta tsiro a jikinsa ta shaƙe shi.

Tunda duk abinci suke ci, me ya sa sai an wahala wajen sanin sunan kowanne?

Domin sunan ne yake gaya maka girman bakin, girman bakin kuma shi ne yake gaya maka ko za ka iya riƙe shi. Akwai wanda bakinsa zai haɗiye guntun jatan lande mai girman ƙwayar masara, ka ciyar da shi da hannu sau uku a mako ya yi ƙiba. Akwai kuma wanda abincinsa ido ba ya gani, wanda sai ruwan tanki ya kasance ɗauke da abinci dare da rana kafin ya ƙoshi. Na farko mai haƙuri zai iya, na biyu kuwa ya gagari manyan masu kiwo da ke ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. A hoto dukansu kyawawa ne, kuma sau da yawa mai wuyar ya fi kyau.

A ganina ba dole ba ne mai tankin gida ya kai ga sunan nau'i. Idan ya gane jinsi, wato kalmar farko a cikin sunan kimiyya, ya samu abin da yake bukata. Ko masana kansu ba sa yanke hukuncin nau'i sai sun duba ƙashi a madubin likita, saboda haka dillalin da ya rattabo maka cikakken suna daga hoton waya, karɓi kalmar farko ka ajiye ta biyu a gefe.

Launi bai isa a gane shi ba?

Launi yana taimakawa, amma shi ne ya fi yaudarar sababbin masu kiwo. Ita zuzantele ruwan ƙasa ce, don haka murjani mai dogaro da haske, idan aka dube shi a farar fitila, galibi za a ga wani ƙasa-ƙasa ko ruwan zuma a ƙarƙashin launinsa. Wanda ba shi da ita launinsa yakan fito tsantsa: lemo, rawaya, ja, hoda, ko fari mai ɗaukar ido. Sai dai akwai tarko biyu. Na farko, murjani mai dogaro da haske idan ya sha zafi yakan fitar da gansakukarsa ya koma fari fat ko rawaya mai haske, wanda bai sani ba sai ya zaci wani sabon nau'i ne, alhali majinyaci ne. Na biyu, an sha rina murjani mai laushi da rini mai ruwan rawaya ko hoda don ya yi kasuwa. Alamar rinanne ita ce launin ya zama bai ɗaya tun daga gindi har kan folif, babu inda ya yi duhu ko ya sassauta, wani lokacin har ruwan ledar da ya zo a ciki yakan ɗauki launin.

To daga ina ake fara tantancewa?

Daga ƙirga yatsu. A jira folif ya buɗe, a duba da gilashin ƙara girma. Idan yatsun takwas ne cif, kowanne da ƙananan gashi gefe da gefe kamar gashin tsuntsu, to yana cikin masu laushi ko gorgoniya, wato masu kama da reshe ko mafici, sai a wuce zuwa amsoshin da ke kansu a ƙasa. Idan yatsun suna da yawa, santala-santala ba gashi, kuma folif ɗin yana zaune a cikin ƙoƙo mai tauri, to mai ƙashin alli ne. Idan shida ne kawai, gajeru, a jikin sanda siririya, a duba amsar baƙin murjani.

Bayan yatsu sai tsarin jiki: kai ɗaya ne tilo ko taro ne? Curi ne ko reshe? Gindin yana manne da dutse ko yana da saiwa? Waɗannan tambayoyi uku, haɗe da ƙirgen yatsu, sukan rage zato zuwa jinsi biyu ko uku.

Yaya ake bambanta Tubastraea da Dendrophyllia? An ce dillalai suna sayar da ɗaya da sunan ɗayan.

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma dalilinta kuɗi ne, domin Dendrophyllia ta fi tsada nesa ba kusa ba. Dukansu dangi ɗaya ne, Dendrophylliidae, kuma dukansu sukan zo da ruwan lemo ko rawaya. Tubastraea, wadda ake wa laƙabi da murjanin rana, takan zo a curi kamar dunƙulen hannu, kawuna da yawa a cunkushe, kowane ƙoƙo bai fi faɗin santimita 1 zuwa 2 ba, nama kuma ya lulluɓe tsakaninsu. Sabuwar zuwa takan wuni a rufe, sai dare ko idan ta ji ƙamshin abinci take buɗewa. Dendrophyllia da ke shigowa kasuwa kawunanta sun fi girma kuma sun fi ƙaranci, kowanne a kan dogon wuya, 'ya'ya suna tsirowa daga gefen uwa, kuma takan bar yatsunta a waje ko da rana. Amma kada a rataya hukunci a kan buɗewar rana kaɗai, domin Tubastraea da ta saba da hannun mai ita takan koyi buɗewa da rana ita ma.

Shaidar da ba ta da gardama tana cikin ƙoƙo. Idan akwai kai ɗaya da ya mutu a jikin curin, wanda nama ya zube ya bar ƙashi, a leƙa cikinsa da gilashin ƙara girma. Za a ga siraran katangu suna tasowa daga bango suna nufar tsakiya, kamar wayoyin ƙafar keke. A Tubastraea da ta girma, katangun suna tafiya ne a miƙe, kowace da hanyarta. A Dendrophyllia kuwa ƙananan katangu sukan lanƙwasa su haɗe bibbiyu a gaban wata, su ba da siffar baki mai kusurwa uku-uku, har cikin ƙoƙon ya yi kama da zanen tauraro. Ana kiran wannan tsarin Pourtalès, da sunan wani masanin halittun teku ɗan asalin Suwizalan da ya yi aiki a Amurka a ƙarni na 19. Na taɓa biyan kuɗin Dendrophyllia a hannun wani dillali, kaya suka iso Gombe da yamma, na zauna da tocila ina duba mataccen kai ɗaya da ke gindi, na ga katangu a miƙe sambal. Tun daga ranar, hoton mataccen ƙoƙo nake fara nema kafin hoton mai rai.

Akwai kuma Tubastraea micranthus, wadda ba ta bin wannan kama ko kaɗan: baƙa ce ko kore mai duhu, tana yin rassa kamar itace, kuma ta fi 'yar'uwarta mai lemo son ruwa mai ƙarfin gudu da yawan ci.

Wanda ya zo da kai ɗaya tak fa, mene ne?

Zato biyu ne a gaba: Balanophyllia ko Rhizotrochus. Balanophyllia 'yar dangin waɗancan biyun ce, tana da tsarin Pourtalès da aka bayyana a sama, bangon ƙoƙonta yana da kaushi da ƙananan ramuka kamar soso, kuma tana manne da dutse kai tsaye. Wani lokaci kawuna da yawa sukan zauna kusa da juna a dutse ɗaya har a zaci taro ne, amma idan aka lura babu naman da ya haɗa su. A sani cewa ba duka Balanophyllia ne marasa dogaro da haske ba, domin akwai ta Bahar Rum, Balanophyllia europaea, da ke ɗauke da zuzantele.

Rhizotrochus typus kuwa daga wani dangi take, Flabellidae, kuma ita ce sarauniyar masu tsada. Ƙoƙonta babba ne, mai siffar ƙwai idan aka duba ta sama, yana tsukewa zuwa ƙasa kamar mazurari, bangonsa sumul. Alamar da ba ta ɓuya ita ce wasu saiwoyi na ƙashi masu rami a ciki da ke saukowa daga gefen ƙoƙon su kama dutse, kamar turakun da suka tallafi rumbu. Yatsunta dogaye ne, garai-garai, da ɗigo a kan kowanne. Daga ruwa mai zurfi na yankin Japan da sauran yammacin tekun Fasifik take fitowa, don haka ta fi son sanyi a kan sauran, abin da ya sa amsar da ke kan zafin Gombe ta fi shafarta.

Akwai masu kama da su amma masu bukatar haske?

Akwai, har a cikin dangin Dendrophylliidae. Duncanopsammia axifuga, wadda ta fi fitowa daga Ostareliya, tana da rassa da manyan kawuna kamar Dendrophyllia, amma fuskarta kore ce ko toka-toka mai walƙiya a shuɗiyar fitila, kuma tana da zuzantele. Wanda ya ɓoye ta a kogo don yana zaton ba ta son haske zai ga tana ramewa. Haka nan Turbinaria, mai siffar faranti ko ƙoƙo. A ɓangaren masu laushi, Nephthea da Capnella suna da siffar itace irin ta Dendronephthya da za a bayyana a amsa ta gaba, sai dai launinsu ƙasa-ƙasa ne ko ruwan madara, kuma ba su da ƙaya.

Mai laushin nan mai kama da furen kallo, ja da hoda, da ake yawan gani a hotunan Bahar Maliya, ana iya riƙe shi?

Wannan ita ce Dendronephthya, kuma gaskiyar magana ita ce kusan duk wadda ta shiga tankin gida tana mutuwa cikin 'yan watanni. Gane ta ba wuya. Gangar jikinta garai-garai ce, ana hango wasu tsinkayen alli a cikinta kamar an watsa ɓawon shinkafa, folif ɗinta a dunƙule suke tuli-tuli a ƙarshen rassa, kuma daga kowane dunƙule akwai tsinke da ya ɓullo waje, shi ya sa take da ƙaya idan aka taɓa. Idan ruwa yana gudu takan sha ruwa ta kumbura ta miƙe, idan ya tsaya ta saɓe ta kwanta. Wani bincike da Katharina Fabricius da abokan aikinta suka wallafa a 1995, a kan nau'in da ke arewacin Bahar Maliya, ya nuna cewa ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani suna da babban kaso a abincinta. Ma'anar wannan ga mai tanki ita ce ba abin da zai miƙa mata da hannu.

Tana da 'yan'uwa biyu da ake rikita su da ita. Scleronephthya ta fi ƙanƙanta, ba ta da ƙayar da ta ɓullo, kuma idan ta tsuke takan koma ɗan curi mai kaushi kamar busasshiyar fata. Ita ma mai wuya ce, ko da yake ba ta kai ta farko ba. Nephthyigorgia, wadda ake wa laƙabi da murjanin barkono, ja ce wur, rassanta kamar yatsun hannu, da rana kamar tattasai da ya yi yaushi, da dare kuma ta kumbura ta fito da fararen folif. Ita ce mafi sauƙi a cikin ukun, kuma an fi rataye ta kai ƙasa a rufin kogo don kada datti ya taru a kanta. Mai son tabbatarwa yana iya yankar ɗan ƙaramin nama ya jiƙa a ruwan bilic har naman ya narke, tsinkayen su rage, ya ɗauraye su ya kai ɗakin gwaje-gwaje na makaranta a duba a madubin likita, domin siffar tsinkayen ce masana ke rarrabewa da ita.

Gorgoniya fa, masu kama da reshe ko mafici?

Dokar launi ta fi aiki a nan. Gorgoniya mai folif ruwan ƙasa, a jikin reshe mai ruwan toka ko shunayya, galibi mai dogaro da haske ce. Wadda jikinta ja ne ko rawaya ko lemo, folif ɗinta fari ko mai launi tsantsa, galibi ba ta dogaro da shi. Daga yankin Karibiyan ana samun Diodogorgia nodulifera, ja ko rawaya mai jajayen ƙuraje da fararen folif, wadda ke karyewa kamar alli idan aka lanƙwasa ta, saɓanin yawancin gorgoniya da ke da sanda mai lanƙwasa kamar ƙaho a ciki. Akwai Swiftia exserta mai ruwan lemo da jajayen folif. Daga tekun Indiya da Fasifik akwai Menella, sai kuma wata mai shuɗin folif da kowa ke sha'awa, wadda tarihin rayuwarta a tanki bai fi na Dendronephthya daɗin ji ba. A kowace gorgoniya a duba girman folif: idan ana iya ƙirga yatsunsa da ido ba gilashi, akwai fatan zai kama abincin da za a iya samu.

Mene ne baƙin murjani, kuma me ya sa wanda na gani ba baƙi ba ne?

Ƙashin ne baƙi, naman da ke kansa yana iya zama fari, rawaya, kore ko lemo. Ƙashin ba na alli ba ne, kuma yana da ƙananan ƙayoyi da ake ji a wurin da nama ya saɓule. Folif ɗinsa yatsu shida ne kuma ba ya iya shigewa ciki ya ɓuya. Wanda ya fi shigowa kasuwa shi ne Cirrhipathes, sanda ɗaya doguwa ba reshe, wani lokaci a murɗe kamar wayar da aka naɗe a kwalba. Masu zurfin cikinsu suna da tsawon rai na ban mamaki, har an auna wani daga ruwan Hawai aka samu ya haura shekara 4,000, abin da ya kamata ya sa mai saye ya yi tunani.

A haɗa da Stylaster da Distichopora, masu kama da leshi mai ruwan hoda ko shunayya. Su ba murjani ne na ainihi ba, dangin murjanin wuta ne, wanda ke harbin fata idan an taɓa shi, kuma maimakon yatsu wasu siraran gashi suke fitarwa daga ƙananan ramuka. Launinsu a cikin ƙashi yake, ba ya gushewa bayan mutuwa, saboda haka ana iya sayar wa mutum gawa ya yi wata uku yana ciyar da ita.

Wane irin hoto zan nema daga dillali kafin in tura kuɗi?

A nemi hoto a farar fitila, domin shuɗiya tana sauya kowane launi. A nemi a ajiye rula ko wani abu da aka san girmansa a gefe. A nemi ɗaya folif a buɗe, ɗaya a rufe, ɗaya ta gindi, da kuma na mataccen ƙoƙo idan akwai, saboda dalilin da aka faɗa a amsar Tubastraea. Gajeren bidiyo da ke nuna shi yana kama abinci ya fi hoto goma. Sunan da dillali ya bayar kuma a bincika shi a rumbun sunayen halittun teku na WoRMS da ke intanet, a ga ko akwai shi da kuma dangin da yake ciki. Idan a rufe yake kuma gefen ƙoƙon ya fito da kaifi, naman tsakanin kawuna ya janye har ana ganin farin ƙashi, to ya daɗe da yunwa.

Bayan na gane jinsinsa, me zan ba shi?

Masu manyan baki, wato Tubastraea, Dendrophyllia, Balanophyllia da Rhizotrochus, suna cin ƙananan jatan landen maisis da na atimiya da ake sayarwa a daskare, da ɗanyen jatan lande ko kifin teku da aka yanka ƙanana. Busasshen kirefish na kasuwa ba ya cikin lissafi, domin ya sha hayaƙi kuma yana ɓata ruwa. Ana kashe famfon tanki, a ɗiga ɗan ruwan da abincin ya narke a ciki kusa da curin, a jira kamar minti goma zuwa ashirin. Da farko za a ga bakin kowane ƙoƙo ya ɗan kumbura, sannan kan yatsu ya leƙo, kafin a ankara curin da ya wuni kamar ɓawon lemo ya zama fure. Sai a bi kowane kai da sirinji ko ɗan hantsaki a ba shi nasa, domin wanda aka riƙa tsallakewa yakan rame. Idan kifaye suna fizge abincin, a yanke gindin gorar ruwa a kifa a kansa, a zuba ta bakin gorar.

Masu ƙananan baki abincinsu rotifa ne, wato wasu mitsi-mitsin halittun ruwa, da ƙananan ƙwarin ruwa, da tsirran ruwa irin su Nannochloropsis da Isochrysis, kuma sai an riƙa ɗiga su cikin tanki sau da yawa a yini ta na'ura, abincin yana ajiye a sanyi. Yawan abinci kuwa yana nufin yawan datti, don haka sai da matacin kumfa mai ƙarfi, wato na'urar da ke tsame datti daga ruwa ta hanyar kumfa, da canjin ruwa a kai a kai.

Zafin Gombe da Bauchi ba zai kashe su ba?

Shi ne babban abokin gaba, ya fi kuskuren suna saurin kisa. Yawancinsu suna son ruwa tsakanin digiri 24 da 26, masu zurfi kamar Rhizotrochus kuma ƙasa da haka. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin gari ke kusantar digiri 40, ruwan tanki a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki zai haura 30 cikin sauƙi. Fanka a saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, amma ba ta isa a bazara, sai da injin sanyaya ruwa. Kuma idan aka ɗauke wuta, abin da ke fara kisa tsayuwar ruwa ce, domin tankin da ake ciyarwa da yawa iskarsa tana ƙarewa cikin sa'o'i kaɗan. Wanda ba shi da sola da batir da za su riƙe famfo da injin sanyi dare da rana, shawarata ya dakata da sayen kowane iri, har da mai sauƙin.

Hunturu yana da nasa. Busasshiyar iska tana shanye ruwa da sauri, gishiri ya ƙaru, saboda haka a riƙa cikawa kullum da tataccen ruwa marar gishiri, a kuma rufe tanki saboda ƙura.

Ruwan famfo ko na burtsatse da gishirin girki za su yi?

A'a. Ruwan famfo, ko daga Dadin Kowa ya fito ko daga Gubi, an yi shi ne don sha, yana ɗauke da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da narkakkun ma'adinai, na burtsatse kuma kowace unguwa da nata. Sai an bi da shi ta matacin da ke cire komai, sannan a haɗa da gishirin tanki na musamman, kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, a auna da na'urar auna gishiri har nauyin ruwan ya kai 1.025 zuwa 1.026. Masu ƙashin alli suna bukatar kalsiyam tsakanin 400 da 450 a ma'aunin kashi cikin miliyan, abin da gishirin girki ba shi da shi.

Akwai doka a kan sayensu? Kuma ba a samunsu a tekun Najeriya?

Duk murjani mai ƙashin alli, da baƙin murjani, da dangin Stylaster, suna cikin jadawali na biyu na yarjejeniyar CITES ta 1973 kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda Najeriya ke cikinta, ma'ana ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini daga ƙasar da suka fito. Yawancin masu laushi da gorgoniya ba sa ciki. Wannan ma wani dalili ne na sanin jinsi, domin da shi ake rubuta takardar, kuma mai saye yana da damar tambayar dillali ya nuna masa ita. Gaɓar tekunmu ba ta da manyan tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya ko Indunusiya, saboda ruwan daɗi da laka da Neja da sauran koguna ke kwararowa, shi ya sa abin da ke kasuwa daga waje yake zuwa. Kuma kada wanda ke kusa da teku ya zubar da Tubastraea a ruwa, domin ta riga ta mamaye gaɓar Burazil da yankin Karibiyan, inda ba asalinta ba ne.

Na ga wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan lemo a jikin gilashi da duwatsu, da wata 'yar katantanwa rawaya a kan curin. Duka 'ya'yansa ne?

Ɗigon, idan yana da ɗan baki a tsakiya da yatsu ƙanana, ɗan Tubastraea ne. Takan saki tsutsotsi masu iyo su manne a inda suka ga dama, kuma hakan alama ce ta cewa tana ƙoshi, sannan ƙarin shaida ce a kan jinsinta ga wanda har yanzu yake kokwanto. A bar su, a riƙa fesa musu ƙananan atimiya. Katantanwar kuwa ɓarauniya ce. Akwai wata mai dogon ƙoƙo mai murɗi, launinta daidai da na murjanin, da ke zura baki cikin folif ta shanye shi ta bar ƙoƙo fanko, tana kuma jera ƙwai rawaya kamar carbi a kusa. Akwai kuma wata tsutsar teku marar ƙoƙo, Phestilla melanobrachia, da ke yin wannan ɓarna kuma tana sajewa da yatsun. A ciro curin a sa a roba da ruwan tanki, a tsince su da hantsaki, a goge ƙwan da buroshin haƙori mai laushi, sannan a sake dubawa da tocila kowane dare har mako biyu zuwa uku, domin ƙwan da ya ɓuya a tsakanin kawuna yana iya ƙyanƙyashewa daga baya.